Shagon Injiniya na gefen kasuwa: abin da kuɗina ya saya bayan an sare ni an ƙwace min waya

Ɗinki bakwai aka yi min a bayan hannun hagu, kuma da wannan hannun, naɗe da bandeji, na shiga shagon da zan ba ku labarinsa. Na faɗi haka tun farko don ku san irin idon da na kalli wurin da shi. Wanda ya je sayen caja da wanda ya je cigiyar wayar da aka raba shi da ita da wuƙa, ba shago ɗaya suke gani ba, ko da kuwa benci ɗaya suka zauna. Ba zan faɗi sunan shagon ba. Yana cikin jerin shagunan masu waya da ke kusa da babbar kasuwar Birnin Kebbi, mai shi kuma kowa Injiniya yake ce masa, kamar yadda ake ce wa duk wanda ya iya buɗe waya ya mayar.

Daren wata Talata ne, bayan sallar isha'i. Na fito daga gaisuwar mutuwa a cikin tsohon gari, babu wuta, ga kwata ta ratsa tsakiyar lungu. Na ciro wayata na kunna fitilarta don kada in tsoma ƙafa, sabon takalmi ne. Kuskuren ke nan, in kuskure ne mutum ya haska gabansa. Na ji mashin a bayana, ba fitila, yana tafe a hankali kamar mai neman gida. Na raɓe jikin bango in ba shi hanya. Sai na bayan ya diro, yaro ne da ba zai wuce sa'ar ɗana na biyu ba, ya ce, "Baba, kawo ta."

Ban yi gardama ba, kuma ba jarumta na yi ba. Hannuna ne kawai ya damƙe da kansa, irin yadda mutum ke riƙe abu in an firgita shi. Ban ga wuƙar ba. Na dai ji kamar an watsa min ruwan sanyi a hannu, wayar ta faɗi, ya sunkuya ya ɗauka da fitilarta a kunne, ya haye, suka wuce. Duka-duka bai kai minti ɗaya ba. Ina tsaye ina kallon hasken wayata yana lilo har suka sha kwana. Sai da jini ya fara ɗiga kan takalmin da nake tattali sannan na gane an yanke ni. Wata tsohuwa ce ta fara fitowa, tana salati, ta cire ɗankwalinta ta ɗaure min hannu tamau, wani ɗan kabu-kabu ya kai ni asibiti ya ƙi karɓar ko kwabo. Allah ya saka musu. Har yau abin da ya fi tsaya min a rai ba yankan ba ne, "Baba" ɗin nan ne. Yaron yana da tarbiyyar da zai san ni baba ne, amma ba ta kai ta hana shi sare ni ba.

Shekara ashirin da biyu ina koyar da tarihi a sakandare. Ni ne mai tsayawa gaban allo in faɗa wa yara cewa wannan garin da suke takawa ya taɓa zama babban birnin Kabi, cewa a 1805 rundunar jihadi ƙarƙashin Abdullahi ɗan Fodiyo ta ci shi, Sarkin Kabi Muhammadu Hodi ya fita, cewa kafin nan Kanta, wanda ya kafa daular Kabi, ya gina birnin Surame da ganuwar dutse wadda kufanta ke nan har yanzu. Nakan gaya musu lungunan tsofaffin biranenmu ba a banza suka yi ƙunci suka karkace ba: an yi su ne don mai ƙafa da mai jaki, baƙo in ya shiga sai ya rikice, kuma kowane zaure akwai dattijo zaune da ya san ɗan wane ne ya gitta. Tun da aka ƙirƙiri jihar Kebbi a 1991 garin ya buɗe, masu hali suka yi Gesse da sababbin unguwanni, zaurukan da yawa suka zama shaguna ko aka toshe su da bulo. Lungun dai yana nan yadda yake, sai dai yanzu wanda ya san shi kamar tafin hannunsa shi ne mai mashin ɗin da ba fitila. Wanda ya rikice a daren nan ni ne, mai koyar da tarihin wurin.

To, mu dawo shago.

Ɗan ƙanwata ne ya kai ni washegari wajen ƙarfe sha ɗaya. Ɗaki ne guda, faɗinsa bai fi taku huɗu ba. Akwatin gilashi a gaba cike da wayoyi, sababbi a sama cikin kwalayensu, na hannu a ƙasa kowace da 'yar takarda manne. Daga ciki teburin aiki: fitila mai madubin ƙara girma, abin hura iska mai zafi, tulin matattun wayoyi da aka fede, da warin dalma da ke kama maƙogwaro. A jikin ƙofa an rubuta da jan fenti: gyara, filashin, tirakin. Filashin shi ne goge waya a mayar da ita kamar sabuwa, tirakin kuma bin sawun wayar da aka sace. Kalmar ƙarshen nan ce ta kawo ni. Injiniya kansa saurayi ne siriri, bai fi shekara talatin ba, mai magana ƙasa-ƙasa, da yara biyu masu koyon aiki.

Na zauna na fara ba da labari tun daga gidan mutuwa. Ya dubi bandejin, ya ce, "Sannu Malam, Allah shi kiyaye gaba." Bai bari na kai ga kwatar ba ya katse ni. Bai tambayi irin wayar ba, bai tambayi kuɗinta ba. Cewa ya yi, "Malam, layin da ac cikin wayar, shi na na banki?" Na ce shi ne. Ya ce, "An ruhe asusun?" Na ce wane asusu, ni da na kwana da ciwo. Ya ajiye abin da ke hannunsa, ya miƙo min tasa wayar, ya tambayi bankina, ya karanto min lambar da ake dannawa a rufe asusu daga kowace waya. Yana da su a rubuce a jikin wani kwali da ya manna a bango, banki-banki, da yawansu da 911 suke ƙarewa. Na danna, na sa lambar layina, aka rufe. Sa'a goma sha huɗu ke nan da ƙwacen.

Da na je banki daga baya na tarar naira dubu arba'in da shida sun tafi, kusan duk a sayen katin waya, kaɗan-kaɗan, tun daga sha biyun dare har asuba. Injiniya ya riga ya faɗa min haka zan gani. Ya ce yawancin yaran nan wayar ba ita ce ta fi damun su ba, ɗan sim ɗin ne. Da sun sha kwana za su cire shi su sa a ƙaramar waya. Saƙonnin banki za su nuna musu inda kuɗinka yake, lambar BVN ɗinka mai lamba 11 layin da kansa zai ba su in sun nema, kuma a bankuna da yawa sayen kati wa layin da ke haɗe da asusu ba ya neman lambar sirri. Sai su yi ta lodawa suna turawa gaba suna sayarwa. Albashina bai shiga ba a lokacin, saura kwana uku. Da ya shiga da labarin ya fi haka muni. Wannan minti biyun da ya ba ni aron wayarsa, bai karɓi ko sisi a kai ba, shi ne aiki mafi tsada da aka yi min a shagon.

Ɓarayin ba su tsaya nan ba. Wayata ba ta da makulli, shafawa kawai ake ta buɗe, don ina ganin wahala ce kullum mutum ya yi ta danna lamba. Sai suka shiga WhatsApp ɗina suka bi 'yan uwa ɗaya bayan ɗaya: ina asibiti, a taimaka a turo ta wannan asusun. Abin dariya abin kuka, ai kuwa ina asibitin. Mijin ƙanwata ya ji labarin an sare ni, ga kuma saƙo daga lambata, ya tura dubu goma bai yi shawara da kowa ba. Har yau in mun haɗu sai ya ce in biya shi kuɗin jinyar ɓarayi.

Maganar dawo da layi, wanda ake ce wa walkam-bak, Injiniya ya faɗa min kai tsaye ba aikinsa ba ne, in tafi ofishin kamfanin layin da kaina don sai sun ɗauki hotona ko yatsana. Tun ƙarshen 2020 da gwamnati ta ce a haɗa kowane layi da lambar NIN, abin ya daina zama na a aika yaro. Ya yago takarda ya rubuta min abin da zan riƙa: takardar NIN, katin da sim ɗin ya zo a jiki in yana nan, in babu takardar rantsuwa ta kotu, lambobin da na fi kira, da kuɗin katin da na sa na ƙarshe. Da wannan 'yar takarda na gama a zuwa ɗaya, ina kallon wasu ana mayar da su gida. Na yaba masa a nan, don na san akwai inda da an karɓi dubu biyu a hannuna an ce in dawo gobe.

Sai muka zo kan neman wayar kanta. Ya ce kafin in kashe kuɗi bari a gwada hanyar kyauta: duk wayar Android da ke da asusun Google ana iya nemanta ta intanet, a ga inda take in tana kunne, a kulle ta, ko a goge abin da ke ciki. Ya buɗe kwamfuta ya juyo min da ita ya ce in sa imel ɗina da kalmar sirri. Na yi shiru. Ranar da na sayi wayar, shekara uku baya, a wani shago daban, wani yaro ne ya buɗe min imel ɗin ya sa abin da ya ga dama, ni dai aka miƙo min waya tana aiki na yi godiya. Ban taɓa sanin sunan imel ɗin ba balle makullinsa. Injiniya ya yi murmushin da ba na dariya ba, ya ce, "Malam, kusan kowa haka na." Ya yi ta gwadawa da lambar wayata da sunana ta fuskoki daban-daban, fiye da rabin sa'a, bai dace ba.

A nan ne na ji zafin da ya fi na hannu. Cikin wayar akwai hotunan mahaifiyata na shekararta ta ƙarshe. Akwai kuma muryar wani dattijo da na yi ta zuwa wurinsa a Argungu hutun bara, sau biyar, ina ɗaukar hirarsa. Kakansa ya ga ƙarshen yaƙe-yaƙen Kabawa da Gwandu, waɗanda suka taso tun daga tashin da Yakubu Nabame ya jagoranci Kabawa suka yi a 1849, wanda mu nan ƙasar Gwandu muke ce wa tawaye su can Argungu suke ce wa ƙwatar 'yanci, kuma har gobe ba mu gama wannan musun ba. Tsohon ya ba ni kirarin mayaƙa, da sunayen mashigai a fadama, da yadda ake ɓoye hatsi in an ji ƙarar tambari, abubuwan da ban gan su a gidan tarihi na Kanta ba, ban karanta su a littafi ba. Kusan sa'a shida na magana. Ya rasu da azumin da ya wuce. Kullum ina cewa zan kwafe a kwamfutar makaranta, kullum gobe. Yaron da ya ce min Baba ya tafi da shi, kuma na tabbata kafin gari ya waye an goge don a samu wayar ta yi tsabta a sayar.

Shi ya sa da ya ce saura tirakin, ban tsaya tunani ba. Ya ce sai da lambar IMEI, lamba 15 da kowace waya ke da tata, mai layi biyu tana da guda biyu. Ana ganinta in an danna *#06#, tana kuma jikin kwali. Na aika gida. Kwalin yana nan, uwargida ta mayar da shi ma'ajin zare da allura da maɓallai. Aka juye aka kawo. Injiniya ya kwafi lambobin, ya ce dubu goma sha biyar. Na biya ta hannun ɗan ƙanwata.

Ga inda nake da ƙorafi, kuma na faɗa masa a gabansa kafin in rubuta nan. Sai da kuɗin suka shiga aljihu sannan ya ce, a hankali, kamar mai faɗin abin da kowa ya sani, wai ba shi ke yin aikin ba, turawa yake ga wani, kuma ko an gani ko ba a gani ba kuɗi ba su dawowa. Mutumin da ya zo da ɗinki a hannu, bai yi barci ba, ko dubu hamsin ka ce masa zai bayar. Irin wannan ne ya kamata a zaunar da shi a gaya masa gaskiya tun kafin ya zaro kuɗi, ko a rubuta ta ƙarƙashin jan fentin nan na ƙofa. Gaskiyar kuwa, yadda shi da kansa ya warware min daga baya da na matsa, ita ce: mai shago ba shi da wata na'ura da ke hango waya. Kamfanonin layi ne kaɗai ke ganin wace IMEI ta hau kan wane ƙarfen sabis da wane sim, su kuma bisa ƙa'ida jami'an tsaro suke ba wannan bayani. Duk mai tirakin na kasuwa ɗan aike ne. Kuma wayar sai an kunna ta an sa mata layi na ƙasar nan kafin ta bayyana. In an fede ta an sayar da gilashi daban, batir daban, ta mutu ke nan. In ta bi ta Kamba ta shiga Nijar, ko ta Lolo ta faɗa Benin, ta hau layin wata ƙasa, mu da ita sai a lahira. Mu da muke zaune bakin iyaka biyu, wannan ba ƙaramin rami ba ne a cikin aikin.

Mako uku shiru. Na je sau huɗu, kullum "ba ta hau ba tukuna, Malam". Ran nan ya kira ni a sabon layina ya ce in zo. Ya miƙo min takarda guda da aka buga: wayar ta hau sau ɗaya, da wani sim, na 'yan mintoci, a wani yanki da ke kan hanyar iyaka. Ba gida ba, ba titi ba, yanki ne da zai ɗauki ƙauye uku. Ya ce in ina so a bi, sai in koma wurin 'yan sanda da takardar rahoton da na riga na yi, a nemi mai sim ɗin. Sai ya ƙara da abin da ya sa na daina jin haushinsa sosai. Ya ce, "Malam, in anka kama wani, ba wanda yas sare ka za a kamawa ba. Wani bawan Allah na da yas saye ta hannu na ukku, shina murna ya samu arha." Na riƙe takardar na daɗe. Ko an dawo da ita, fanko ce, tsohon Argungu ba ya ciki. Na ninke ta na sa aljihu. Daga ranar wayar ba ta sake hawa ba. Dubu goma sha biyar, takarda ɗaya.

Zaman jiran da na yi ta yi a bencin nan ya sa na fara kallon layin ƙasa na akwatin gilashi da wani ido. Wayoyin hannu, wajen ashirin, wasu ba kwali. Wata rana na kasa haƙuri na ce, "Injiniya, don Allah waɗannan daga ina?" Na zaci zai ɓata rai. Sai ya jawo wani babban littafi mai baƙin bango, irin rajistar makaranta, ya buɗe min. Kowace waya da shafinta: sunan wanda ya sayar, lambar NIN, IMEI, kwanan wata, dangwalen yatsa da tawada, hoton mutumin kuma riƙe da wayar yana cikin kwamfuta. Ya ce wanda ya ƙi a ɗauki hotonsa, ciniki ya mutu.

Na ga hakan da idona. Ina zaune wani matashi ya shigo, hula ta rufe rabin fuska, ya ajiye wata waya mai tsada a kan gilashi ya ce a yi mata filashin, ya manta makulli. Injiniya bai ko taɓa ta ba. Ya ce ina kwali. Yaron ya ce ya ɓace. Injiniya ya ce to faɗi lambar layin da ke ciki in kira mu ji ta yi ƙara. Yaron ya ce ba layi. Injiniya ya ce to imel ɗin da ke kanta. Yaron ya ce ta yayansa ce. Injiniya ya ce, "To ka zo da yayan naka." Yaron ya ɗauki wayarsa ya fita yana gunaguni. Na leƙa ta ƙofa ina bin sa da kallo. Bai yi nisa ba, ya shige wata rumfa can gaba, kuma bai fito da wuri ba. Ban ce ɓarawo ne ba, Allah ne masani. Amma na zauna ina lissafi: ba wanda zai sari mutum saboda abin da ba shi da mai saye. Dokar fashi da makami ta 1984 ta tanadi hukuncin kisa ga wanda ya yi fashi da makami, wuƙa ma makami ce, kuma a 2023 majalisar tsaro ta jihar Kano ta fito ta ce ƙwacen waya fashi da makami ne. Duk da haka yaro zai ɗauki wannan kasada saboda ya san akwai rumfar da ba a tambayar kwali. Littafin Injiniya mai baƙin bango shi ya sa na sayi sabuwar wayata a wurinsa ban je wani wuri ba.

Sabuwa na saya, a kwali, da rasit mai ɗauke da IMEI. Farashinsa ya ɗara na wani shagon da na taya da dubu biyu, na sani, na biya. Abin da ya yi bayan nan shi ne dalilin da zan tura mutum wurinsa. Ya ce in matso kusa, ba zai yi komai a bayan idona ba. Imel ni na zaɓi suna, ni na zaɓi kalmar sirri, ya sa na rubuta da hannuna a takarda na jefa cikin kwalin, ya ce wannan karon kada a zuba zare a ciki. Ya sa wa sim ɗin kansa lambar sirri, abin da ban taɓa sanin akwai shi ba: duk wanda ya cire shi ya sa a wata waya, ko ya kashe wayar ya kunna, sai ya sa lambar, in ya kuskure sau uku ya kulle. Ya gargaɗe ni in adana lambar PUK mai lamba 8 da ke jikin katin sim, don ita ke buɗewa in ni na manta, ita ma in an kuskure ta sau goma sim ya mutu. Ya sa makullin yatsa, ya hana saƙonni bayyana a fuskar waya in tana kulle, ya sa wa WhatsApp lambar tsaro mai lamba 6, ya kunna wani tsari da Google ya fito da shi a 2024 wanda ke kulle waya da kanta in ta ji an fizge ta an ruga. Ya kuma saita hotuna da muryoyi su riƙa hawa intanet da kansu. Minti ashirin, naira dubu ɗaya. Na kwatanta da dubu goma sha biyar ɗin takarda, na yi tsaki.

Shawararsa ta ƙarshe ita ce in raba layin banki da wayar yawo. Na sayi 'yar ƙaramar itel mai madannai, layin banki yana cikinta, tana gida cikin akwati, sai in zan tura kuɗi nake ɗauko ta. Yana da wahala, sau biyu ina zuwa gaban mai shinkafa in tuna asusuna yana ƙarƙashin gado.

Sauran aibun shagon na yau da kullum ne. Ba a bin layi, wanda ya fi babbar riga ko babbar murya shi ake fara saurara, kuma na ga wata mata da goyo ta fi sa'a tsaye. "Bayan la'asar" a bakin Injiniya yana nufin gobe da hantsi. Janareto yana bakin ƙofa, hayaƙinsa cikin shagon yake komawa. Yaran nan biyu in suka fara musun ƙwallo ba su jin sallama, kuma ɗaya daga cikinsu ya manna min gilashin kariya a karkace da kumfar iska a tsakiya, sai da na dawo aka sake, yana ta kumbure-kumbure. Su ma suna da saurin cewa "kawo makullin wayar" in an kawo gyara. Kada ka bayar ka tafi, musamman mata. Ka tsaya a yi a gabanka, ko ka jira mai shagon da kansa.

Ranar da na je karɓar rasit ɗin ƙaramar wayar, ina shirin fita, ya ɗauko wani abu daga ƙasan teburi ya ajiye min a kan gilashi. Tocila ce 'yar ƙarama mai caji, baƙa, da igiyar ratayawa a hannu. Ya ce dubu biyu da ɗari biyar, "don kwata, Malam". Na saya. Haskenta fari ne tas, yana kai taku goma sha biyar, caji ɗaya na kai ni dare huɗu zuwa masallaci da dawowa. Maɓallinta yana da tauri, da hannun dama nake danna shi, don yatsu biyu na hagun har yanzu ba su gama lanƙwasuwa ba.